Yadda Ikilisiya Za Ta Kafa Rumbun Gwauraye da Marayu, Daga Kaka Zuwa Marka

Tun ranar da na tashi a taron Zumuntar Mata na ce rabon shinkafar Kirsimeti ba shi ne kula da gwauraye ba, ban huta da tambaya ba. Wasu a waya, wasu a bakin majami'a bayan an tashi sujada: "To Mama, in ba haka ba, yaya ake yi?"

Abin da na faɗa a ranar ba wani sabon abu ba ne. A watan Disamba kusan kowa na da abin kaiwa baki, domin kaka ba ta daɗe da wucewa ba. Yunwa tana shiga ɗakin gwauruwa ne a Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, mudu ya yi tsada, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, ga kuɗin makaranta na Satumba yana leƙe. A daidai lokacin kuma kowa yana gona, ba mai tunawa da ita. Yaƙub 1:27 ya ce a kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu, to wahalar tana da watanta. Ga yadda muka yi a ikilisiyarmu shekara da shekaru, har da wuraren da muka yi tuntuɓe.

1. Amincewar dattawa da zaɓen kwamiti

Kada ku fara da sanarwa, ku fara da dattawa. Ku rubuta takarda shafi ɗaya: abin da kuke so ku yi, watannin da za a yi rabo, da inda hatsi zai fito. A tattauna a zaman dattawa, a shigar da shi cikin littafin taro. Ranar da aka canja fasto, ko aka yi sabon zaɓen dattawa, wannan rubutun ne zai hana aikin mutuwa.

Mutum 5 sun isa kwamiti: mata 2 daga Zumuntar Mata, ɗaya a cikinsu ita kanta gwauruwa ce, dattijo 1, matashi 1 mai iya rubutu da lissafi, da manomi ko ɗan kasuwa 1 wanda ya san hatsi da ido da haƙori. Baba Fasto ya zama mai ba da shawara, amma kada a ɗora masa makulli ko kuɗi. Wannan kariya ce gare shi. Duk mai bukata ƙofarsa yake fara bugawa, in makulli na hannunsa ba zai iya cewa a'a ba, kuma kafin damina rumbu ya ƙare.

Ku sake karanta Ayyukan Manzanni 6 kafin zaɓe. Gunagunin farko da ya tashi a ikilisiyar Urushalima a kan rabon abinci ne: masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu. Manzanni ba su ce a yi haƙuri kawai ba, sun sa aka zaɓi mutum 7 aka danƙa musu aikin. Majami'unmu na Jos, Kaduna, Gombe ko Yola ba su rasa Berom da Ngas da Bajju da Tangale da Bura da Hausawa a benci ɗaya. In kwamitin duk harshe ɗaya suke ji, ko sun yi gaskiya ba za a yarda ba.

Hattara: kada miji da mata, ko wa da ƙane, su zauna a kwamitin tare.

2. Rubuta sunayen masu bukata

Wannan matakin ya fi kowane wuya, kuma a nan aka fi yin kuskure. Kuskuren shi ne a ce daga bagade, "Dukan gwauraye su tsaya bayan sujada." Waɗanda za su tsaya su ne masu ƙarfin hali. Wadda ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba, kunya ba za ta bar ta ta tsaya ba, watakila ma ta daina zuwa sujada don ba ta da sabulun wanke zane.

Ku bi gida-gida, mutum biyu-biyu, mata su je wurin mata. Ku je kamar masu gaisuwa, domin gaisuwar ce ta kai ku. Kada ku fito da littafi da biro a gabanta kamar 'yan sanda, ku bari sai kun fita ku rubuta. Cikin hira za ku gane baki nawa ne ke ci daga tukunyarta, ko tana da gona, wa ke nome mata, yara nawa ke makaranta, ko akwai mai ciwon da ke shan magani kullum, da kuma bashin da ke kanta. Ido ma yana aiki. Murhun da tokarsa ta huce da tsakar rana, akuyar da kuka saba gani a ɗaure yanzu babu ita, yaron da ya kamata yana aji amma yana gida, duk sun fi amsar baki faɗin gaskiya, domin in kun tambaye ta cewa za ta yi, "Mun gode Allah."

Bayan ziyara ku kasa sunayen kashi 3. Na farko, tsofaffi da marasa lafiya da ba su da ƙarfin nema, waɗannan za ku riƙe su shekara bayan shekara. Na biyu, masu ƙananan yara waɗanda ke da ƙarfi amma ba jari, su abinci na ɗan lokaci suke bukata da abin da zai tsayar da su. Na uku, waɗanda masifa ta faɗa wa farat ɗaya: gobara, ambaliya, ko hari ya koro su daga ƙauyensu. Kada kalmar gwauruwa ta rufe muku ido. Akwai macen da mijinta yana hannun masu garkuwa, ko yana kurkuku, ko ya tafi neman kuɗi shekara 4 ba labari. Akwai gwauron da matarsa ta rasu ta bar masa yara. Akwai kakar da ke riƙon jikoki 6.

Akwai kuma wadda mijinta ya rasu amma 'ya'yanta suna aiki a Abuja. Bulus bai yi kwana-kwana a 1 Timoti 5 ba: mai 'ya'ya ko jikoki, su ne za su fara ɗaukar nauyinta, don ikilisiya ta samu ta taimaki waɗanda ba su da kowa. Irin wannan, aikin dattawa ne su kira 'ya'yan a waya su yi musu magana. Amma in an kira sun yi kunnen ƙashi, ba za a bar tsohuwa da yunwa don a hukunta ɗanta ba.

Maƙwabtan da ba masu bi ba fa? Galatiyawa 6:10 ta ce a yi wa kowa alheri, musamman iyalin bangaskiya. Mu mukan ware kashi 1 cikin 10 na rumbu dominsu, mu nemi mai unguwa ya nuna mana gidajen. Ba ma sa sharaɗin zuwa coci, ba ma haɗa buhu da wa'azi. Abincin da aka ɗaura wa igiya ya zama tarko, kuma a unguwannin da aka sha rikici irin namu, zargi ɗaya ya isa ya rushe zaman shekara goma.

Hattara: jerin sunayen sirri ne. Kwamiti da fasto kaɗai ke ganinsa. Kada a manna shi a allon sanarwa, kada a tura shi a WhatsApp.

3. Lissafin buhu da kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan lissafin a Satumba ko Oktoba ake yinsa, kafin baikon godiyar kaka.

Ƙungiyoyin agaji na duniya suna auna cikakken abincin mutum ɗaya a kan kalori 2,100 a rana, wanda a hatsi ya kama giram 400 zuwa 450, ban da wake da mai. Wato kilo 12 zuwa 13 a wata. Gida mai mutum 5 zai ci sama da kilo 60. Ikilisiya ba za ta iya ɗaukar duka ba, ba ma a so ta ɗauka, domin matar tana da nata ƙoƙarin. Ku yi niyyar rabi: kilo 30 a wata ga gida mai mutum 5. Tiya ɗaya tana kusan kilo 2 da rabi, buhu mai kilo 100 kuma tiya 40 ne, don haka kilo 30 tiya 12 ke nan.

A ce kuna da gida 20. Tiya 12 sau gida 20 sau wata 3 ya ba ku tiya 720, buhu 18. Wake tiya 2 ga kowane gida a wata, tiya 120, buhu 3. Ku ƙara buhu 2 na ko-ta-kwana saboda wanda zai buga ƙofa ba a shirya masa ba. Jimla buhu 23.

Daga nan ku aiki mutum kasuwa ya jiyo farashin buhu na wannan makon, ku ninka. A kan wannan ku ɗora kuɗin mota, na masu lodi da sauke kaya, buhun ajiya ɗaya ga kowane buhun hatsi, katakon da za a jera kaya a kai, kwaɗo 2, da babban littafi 1. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota ya daina zama abin da ake cewa "za a gani." Ku ƙara kashi 1 cikin 10 a kan jimlar saboda motsin kasuwa.

Akwai abin da muka manta a shekararmu ta farko: kuɗin niƙa. Mun kai wa wata tsohuwa masara, bayan mako na koma na tarar da ita yadda muka ajiye, ba ta da na kaiwa inji, hannunta kuma ba ya iya taɓarya. Tun daga nan kowane rabo yana tafe da kuɗin surfe da niƙa, da ɗan gishiri da man ja.

In abin da kuka samu bai kai lissafi ba, ku rage yawan gidaje, kada ku rage mudu. Gara gida 7 su haye damina da ƙafarsu da a bi gida 40 da mudu bibbiyu, wanda zai ƙare kafin Lahadi mai zuwa.

Hattara: mudun Jos ba tiyar Kano ba ne. Ku ɗora naku a sikeli sau ɗaya, ku san nauyinsa, ku riƙe wannan mudun shi kaɗai daga saye har rabo.

4. Tara hatsi da kuɗi

A ƙauye, baikon godiyar kaka ne babbar ƙofa. Maimakon a yi gwanjon duk abin da aka kawo, ku roƙi dattawa su ware wani kaso ya shiga rumbu kai tsaye. Bayan haka kowane gida ya kawo mudu guda na musamman, har da gidajen masu ƙaramin ƙarfi in sun so, kada a raina. A birni, inda albashi ake ci, ku bi tsarin 1 Korintiyawa 16:2 na warewa a kai a kai: kwando dabam a Lahadin farko na kowane wata, a ƙirga a gaban mutum 2, a rubuta nan take. 'Ya'yan ikilisiya da ke Legas ko Fatakwal sukan so su sa hannu, ku ba su lambar asusun banki mai sunan ikilisiya, wanda sai mutum 2 sun sa hannu ake cire kuɗi. Kada kuɗin ya bi ta asusun wani ɗan kwamiti, ko da waliyyi ne.

Hattara: kuɗin gwauraye ba a ba da aronsa. Wata shekara kwamitin gini ya ari namu a Disamba don sayen kwanon rufi, da alkawarin za a mayar a Janairu. Sai a Yuni aka mayar, lokacin kuɗin buhu 10 ba ya sayen 7. Ba wanda ya ci ko sisi, amma gida 3 muka cire daga jeri. Haka kuma in ɗan siyasa ya kawo gudummawa da sharaɗin a tara mata a ɗauki hoto, ku gode masa, ku ce ya ajiye a rumbu ko ya koma da kayansa.

5. Saye

Daga Nuwamba zuwa farkon Janairu ne lokacin saye. In akwai manoma a cikin ikilisiya, ku fara da su a kan farashin kasuwa, kun huta da kuɗin mota. In kaya da yawa ne, kasuwannin da hatsi ke sauka irin su Saminaka, Mangu, Giwa, Dandume, Biu ko Dawanau sun fi kasuwar cikin gari sauƙi, muddin ribar ba za ta ƙare a hanya ba. Mutum 3 za su je, a dawo da rasit ko takarda mai sa hannun dillali.

Kada ku sayi buhu a ɗinke. A zazzage a kan tabarma ko leda, ku ga gindinsa, domin a nan tsakuwa da ƙaiƙayi da ruɓaɓɓen hatsi ke ɓuya. Ku shinshina, ku ciza, a sake aunawa a gabanku. Ku kuma sayi abin da mutanenku ke ci. Tsohuwar da ta tashi da tuwon dawa, in kun kai mata abin da ba ta saba ba, sayarwa za ta yi da araha.

Hattara: wani zai kawo shawarar a sayi da yawa, a sayar da rabi da damina a ci riba. Ku ƙi. Farashi ba kullum yake tashi ba, waɗanda suka ɓoye hatsi suna jiran tsada a 2025 sun gani da idonsu. Ranar da rumbun jinƙai ya zama shago, ranar ce za a fara kallon gwauruwa a matsayin asara.

6. Shanya da ajiya

Hatsin da kuka saya a Disamba zai zauna wata 7 zuwa 9. Abokan gabansa 3 ne: danshi, ƙwari da ɓera.

Ku fara da shanya, ko da mai sayarwa ya rantse ya bushe. A baza a kan leda ko siminti, ba a kan ƙasa ba, kwana 2 ko 3 a rana, a sheƙe, a tsince. Busasshiyar masara tana ƙara in an ciza, ta fashe, ba ta lotsawa. Ga gwajin da ya fi haƙori: ku sami busasshiyar kwalba mai murfi, ku zuba hatsi ya kai kashi 1 cikin 3, ku ƙara cokali 2 na gishirin da aka shanya ya bushe ƙarau, ku rufe ku girgiza sosai, ku ajiye kamar minti 15 ku sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a koma shanya. Hatsin da aka rufe da danshi yana yin funfuna, funfunar masara da gyaɗa kuwa tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. In an shanya, a bar shi ya huce a inuwa kafin a ɗura.

Abin da ya fi mana amfani shi ne buhun PICS, mai riɓi 3: leda 2 masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Masana a jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi, ana samunsa wurin masu sayar da kayan gona. Ba a sa masa magani. Iska ce ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shaƙe su mutu. Kafin ɗuri ku buɗe kowace leda ta cika da iska, ku riƙe bakin ku danna, in tana sacewa ta huje, kada a yi amfani da ita. Ku sa leda cikin leda cikin buhu, ku zuba hatsi a hankali kuna jijjigawa, ku bar wurin ɗauri. Ku matse iska, ku murɗe bakin leda ta farko, ku lanƙwasa ku ɗaure. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ɗauri 3 dabam-dabam, ba a haɗa su a ɗaure lokaci guda. In an rufe, ba a buɗewa sai ranar rabo. Wake, wanda ƙwari suka fi so, yana zama lafiya a wannan buhun, ko a tsabtatacciyar jarka da aka cika maƙil aka toshe. Kada dai a ɗauko wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi.

Ɗakin ajiya ya zama mai rufin da ba ya yoyo, ba wanda ke kwana a ciki. A jera buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa, kada su jingina da bango, a bar hanyar da mutum zai zaga. A toshe ramuka da siminti, a kafa tarko. Ɓera ɗaya in ya huda leda, buhun ya koma buhun banza.

Hattara, kuma wannan da rai ake maganarsa: kada a zuba Sniper ko wani maganin feshin gona a kan wake ko masara. Irin wannan gubar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, hukumar NAFDAC kuma ta sha jan kunne a kai. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu ta rinƙa fitar da iska, iskarta tana kashe mutum a rufaffen ɗaki. In babu wanda aka horar a kanta a cikinku, ku rabu da ita.

7. Littafi da makulli

Kwaɗo 2 a ƙofa, makullan a hannun mutum 2, yadda ba mai iya shiga shi kaɗai. A littafi a rubuta kwanan wata, abin da ya shiga, abin da ya fita, abin da ya rage, da sa hannun mutum 2. A rubuta lamba a jikin kowane buhu. Sau ɗaya a wata a shiga a ƙirga, a duba huji da kashin ɓera.

Za a sami wanda zai ce, "Haba, ba ku yarda da ni ba ne?" Ku buɗe masa 2 Korintiyawa 8:20-21. Bulus da kansa bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya haɗa da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi a gaban Ubangiji da gaban mutane. Cikin almajirai 12 ma, mai riƙe da jakar kuɗi ne ya rinƙa taɓawa.

8. Rabo

Sau 3 za a yi, wata-wata: farkon Yuli, farkon Agusta, farkon Satumba. Inda gero ke nuna da wuri, ku ja shi baya ya fara daga Yuni. Kada ku ba da na wata 3 gaba ɗaya. Buhu guda in ya shiga gidan gwauruwa, mai bin bashi zai ji, dangin miji za su ji, ita kuma ba za ta iya hana maƙwabciya ba. Tiya 12 kuwa tana shiga ɗaki ba a sani ba.

Ku auna a rumbu tun da rana, ku ƙulla na kowane gida da lambarsa, ba sunansa ba. Da yamma mutum 2 su kai, a kan babur ko a cikin baro, a rufe. A danƙa a hannun matar, ba a hannun ƙanen miji ko babban ɗa ba. Ta sa hannu ko ta dangwala a littafin da ba mai gani sai kwamiti.

Ba jeri a gaban majami'a, ba kiran suna a lasifika, ba hoto a Facebook. Na san masu ba da gudummawa daga nesa suna son shaida, ku ɗauki hoton buhuna da littafi ku tura musu. Yesu ya ce kada hagu ta san abin da dama ke yi, ni kuma a kan wannan na fi son labarin Bo'aza. Bai kira Rut gaban masu girbi ya miƙa mata dami ba. Cewa ya yi da ma'aikatansa su rinƙa zare zangarniya daga dami suna yarwa, ta tsinta a matsayin kala, kada kuma wanda ya tsawata mata. Ta koma gida da abinci da mutuncinta. Yaran gwauruwa suna Makarantar Lahadi tare da naku. Duk abin da zai sa a nuna su da baki a ce ga masu cin masarar coci, ku guje shi.

In kun kai, kada ku ajiye ku juya. Ku zauna ko minti 10 ne, ku tambayi yara, ku yi addu'a tare in tana so. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini, "'Yata, tun da aka share makoki ba wanda ya zauna a kan tabarman nan sai ku."

9. Abin da hatsi ba ya magancewa

Ga matan kashi na biyu, tambayar Elisha a 2 Sarakuna 4 ita ce tambayarku: me kike da shi a gida? Mai gona tana bukatar hannu da taki fiye da masara. Zumuntar Matasa ta sa ranar gayya 2, ta huɗa da ta noman farko, su zo da abincinsu, kada a ɗora wa matar dafa wa mutum 30. Mai iya ƙosai, awara, daddawa ko ƙuli-ƙuli, ku saya mata kayan farawa maimakon ba ta kuɗi a hannu, kuma ku yi haka a watan da ake kai mata abinci. Jarin da ya tarar da yunwa a gida tukunya yake shiga.

Kuɗin asibiti da na makaranta, ku biya can kai tsaye ku karɓo rasit, yadda Basamariye ya ba mai masauki dinari 2 ya ce in an kashe fiye zai biya in ya dawo. Ku sa iyaka tun farko, domin jinya ɗaya tana iya cinye kuɗin rumbu duka.

Sai maganar gado, wadda mu masu bi ba ma son taɓawa. Sau da yawa abin da ya jefa mace cikin jerinku ba mutuwar miji ba ce, 'yan'uwansa ne da suka kwashe gona da gida, wani lokaci kuma suna zaune a bencin gaba ranar Lahadi. Dattawa su fara kiran su a yi sulhu, tare da mai unguwa ko dagaci. In ya faskara, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da hukumar Legal Aid Council suna taimaka wa marasa ƙarfi, dokar VAPP ta 2015 kuma ta haramta cin zarafin matan da mazansu suka rasu, jihohi da yawa sun amince da ita. Ku taimaka mata ta karɓi takardar shaidar mutuwa daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, ta adana takardar aure da ta fili. In mijin ma'aikaci ne, a haɗa ta da wanda ya san hanyar fansho ya raka ta ofis.

10. Rufe shekara

A Oktoba ku karanta rahoto a gaban ikilisiya: buhu nawa ya shiga, nawa aka kashe, gida nawa suka amfana, me ya lalace. Lambobi kawai, ba suna. In ɓera ya ci buhu, ku faɗa. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, kuma mutanen da suka ji lissafi dalla-dalla su ne ke ninka mudunsu a kaka mai zuwa.

Abin da ya rage kada ya kwana biyu a rumbu, a raba wa 'yan kashi na farko kafin sabo ya shigo. A share ɗaki, a ƙone shara, a duba ledojin PICS ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ba su huje ba a ninke a rataye inda ɓera ba ya kaiwa, za su sake aiki.

Sannan ku koma kan jeri. Wadda ta tsaya da ƙafarta, ku je gida ku gaya mata baki da baki cewa baɗi za a ba wata, kada ta ji a bakin mutane ko ta zauna jira a Yuli. Ku shigar da waɗanda aka yi wa rasuwa cikin shekarar. A canja mutum 2 daga kwamiti, 3 su zauna su koya wa sababbi, a sa ranar ziyarar gida-gida kafin a tashi daga zaman.